Yadda Ake Fitar Da Tabo Daga Katakon Tsohuwar Jita Ba Tare Da An Kashe Mata Murya Ba

Tun ranar da na nuna hoton jitar kawuna bayan na gama gyaranta, tambaya ɗaya ake ta maimaita min: wai me ka sa mata wannan baƙin tabon ya fita? Na gaji da amsa wa mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na ce bari in tattara komai wuri guda, duk wanda ya tashi aikin sai ya dawo ya duba.

Ni ba kafinta ba ne. Sakandare na gama a nan Mashi, sauran kuwa karance-karance ne a waya, da zama gindin masu aikin katako, da ɓarnar da na yi da hannuna. Jitar ta ƙanin mahaifiyata ce, Allah ya jiƙansa. Da ita ya dawo daga zaman Kaduna tun ban san kaina ba. Bayan rasuwarsa aka jingine ta a ɗakin ajiya bayan buhunan gero, daidai inda kwano ke yoyo. Da na ciro ta, tsirkiyoyin sun yi tsatsa sun manne a fuskarta, ga baƙin zane kamar an ja da tawada, ga fumfuna a ciki, ga kuma wani tabon mai a ƙasa wanda har yau ban san ko na manja ne ko na man keke ba.

Kafin ka taɓa ta, ka san ko wace ce

Wannan shi ne abin da ya kamata a faɗa min tun farko. Ba kowace tsohuwar jita ake kankarewa ba. Leƙa cikin ramin da ke tsakiyar fuskarta da fitilar waya, akwai takarda manne a ciki mai ɗauke da sunan kamfani da lamba. Duba kuma kan jitar, can sama wajen kunnuwan da ake ɗaure tsirkiya. Idan ka ga sunan Martin ko Gibson ko Fender, ko ka ga Yamaha mai jar takarda da aka rubuta Nippon Gakki, irin waɗanda aka yi a Japan, to dakata. Masu sayen tsofaffin jita suna biyan kuɗi ne saboda fentinta na asali, har da ƙujewar da ke jiki. Ranar da ka kankare shi ka sa sabo, ranar ka zubar da babban kaso na darajarta. Mawaƙin Amurka Willie Nelson yana riƙe da jitarsa Martin N-20 tun 1969, har ta huje a fuska saboda kaɗawa, bai yarda an canja mata fuska ba. Irin wannan gogewa kawai ake yi mata a bar ta.

Ta kawuna ba ta cikin wannan sahun. Takardar cikinta ma ruwa ya cinye. Shi ya ba ni ƙwarin gwiwar yin aikin.

Abu na biyu da za ka sani shi ne kaurin katakon. Fuskar jitar da ba ta lantarki ba, kaurinta bai cika wuce milimita 3 ba. Yawancin masu araha ma ba katako guda ba ne, falle-falle ne aka manna, kuma fallen sama mai kyan nan bai kai milimita 1 ba. Duba gefen ramin: idan layin itacen ya zarce daga sama har ƙasa, katako guda ne. Idan ka ga hawa-hawa kamar biredin da aka yanka aka jera, manne ne. Duk wanda ya ce maka a sa mata injin sanfefa irin na ƙofa, karɓe kayanka ka tafi.

Tabon yana kan fenti ne ko ya shiga itace?

Cire tsirkiyoyi, cire kunnuwa, cire duk wani ƙarfen da ke kwancewa da sukundireba, ka zuba ƙananan kusoshin a gwangwani don kada su ɓace. Sai ka samu farin tsumma mai laushi, tsohuwar singileti ta fi, ka jiƙa shi kaɗan ka matse sosai, ka goge ko'ina. Za ka sha mamaki. Rabin abin da na ɗauka tabo ne a jitar kawu, ƙurar hunturu ce da gumi suka haɗu suka daskare. Wanda ya ƙi fita da ruwa, ɗigo biyu na man laita a tsumma yana ɗauke shi, kuma ba ya cin yawancin fenti. Yana kama wuta fa, a waje za ka yi, nesa da murhu.

Daga nan sai gwajin fenti. Nemi wuri ɓoyayye, kamar inda kunnuwan suka rufe. Ɗiga sifirit na kemis. Idan wurin ya yi danƙo, shelak ne. Idan bai motsa ba, gwada tinna ko ruwan goge jan farce. Idan ya narke, laka ce irin ta da, wadda manyan kamfanonin Amurka suka yi amfani da ita a shekarun 1950 da 1960. Idan duka biyun ba su yi masa komai ba, fentin roba ne irin na zamani, mai tauri kamar gilashi. Wannan na ƙarshen yana da wuyar cirewa, amma kuma da wuya tabo ya ratsa shi sai ta inda ya fashe.

Ka'idar launi mai sauƙi ce. Tabon da ya yi fari-fari kamar hazo, yawanci danshi ne ya maƙale a cikin fentin, bai kai itace ba. Ɗan ɗumin na'urar busar da gashi daga nesa yakan kore shi, a hankali, hannunka na yawo ba ya tsayawa wuri guda, domin zafi yana sassauta gam. Tabon da ya yi baƙi ko ruwan toka kuwa ya riga ya shiga itace, kuma babu maganin da zai kai gare shi sai an cire fentin wurin.

Wajen cirewa, ni reza na yi amfani da ita, na tsayar da ita cak ina jan ta bi da layin itace. Kafintocinmu da fasasshen gilashi suke kankara, yana yi, amma yana son hannun da ya saba. Idan shelak ne ko laka, sifirit ko tinna za su narkar maka da shi. Ka dai kiyaye farar robar da ta zagaye gefen jitar, tinna na cinye ta. Rufe ta da tef tukuna.

Baƙin tabo na ruwa da tsatsa

Nan ne gundarin maganar, domin shi ne tabon da ya fi yawa a jitar da ta kwana cikin danshi, kuma shi ne mutane suka fi kashe jita a kansa.

Abin da ke faruwa shi ne, itatuwa da yawa suna da wani sinadari mai bauri, irin wanda ke cikin bagaruwa da goro da ganyen shayi. Idan ruwa ya ɗebo tsatsar ƙarfe ya kawo ta kan wannan sinadarin, sai su haɗu su zama baƙi. Dukawanmu sun san wannan tun kaka da kakanni: fatar da aka jeme da bagaruwa, idan aka shafa mata kuloko, wato ruwan da aka jiƙa kashin maƙera a ciki, nan take take yin baƙi ƙirin. To abin da tsatsattsiyar tsirkiya ta yi wa jitarka ke nan, rini ta yi mata. Kuma baya da gefe da wuyan jita da yawa ana yin su ne da dangin maɗacin nan namu, wanda ake sarowa a dazukan Afirka ta Yamma. Irin waɗannan itatuwa masu duhu sun fi farin katakon fuska saurin kama wannan baƙin.

A nan na tafka kuskurena. Na ɗauki soson ƙarfe na wanke tukunya, na jiƙa, na dirje wurin. Da daddare ya yi kamar ya fita. Washegari na tarar da ɗigo-ɗigon baƙi ko'ina kamar kashin ƙuda, domin ɓurɓushin soson ya shige ramukan itacen ya yi tsatsa a ciki. Wallahi sai da na zauna na yi tagumi. Soson ƙarfe da ruwa ba sa haɗuwa a kan tsiraran katako, ko da wasa.

Sanfefa ma ba magani ba ce, tabon ya fi fallen sama zurfi. Bilicin wanki ba ya taɓa shi. Maganinsa wani farin gari ne mai kama da sukari, sunansa okzalik asid, shi yake narkar da haɗin ƙarfen ya mai da shi marar launi. Ana samunsa wajen masu sayar da sinadaran haɗa sabulun ruwa. Ni saƙo na bayar aka sayo min a kasuwar Sabon Gari ta Kano.

Ga yadda na yi. Babban cokali 1 a kofin ruwa mai ɗumi, cikin roba ko kwalba, ban da kwanon ƙarfe, kuma da tsinke za ka motsa. Sa safar hannu ta roba, ka kare idonka. Shafa da tsumma ko auduga. Kada ka shafa a kan tabon kaɗai, bi da dukan fallen da ka kankare, in ba haka ba tabon zai tafi ya bar maka farin da'ira wadda ta fi shi muni. Jiƙawa kaɗan ake so, ba wanka ba, ruwa kada ya gangara cikin ramin ko gindin jakin da ke ɗauke da tsirkiya, don gam ɗin wurin ba ya son danshi. Bar shi ya bushe a inuwa. Zagayen farko tabon kawu ya dusashe, na biyu ya koma kamar inuwa, na uku sai wanda ya san wurin ne zai gane. Idan ka yi sau 3 bai ko motsa ba, ba tabon ƙarfe ba ne, tsaya haka.

Wankewa ta fi shafawa muhimmanci. Goge da tsumma mai danshi na ruwa zalla, sauya ruwa, sake gogewa, aƙalla sau 3. Sai rabin ƙaramin cokali na bekin soda a kofin ruwa, shafa sau ɗaya don ya kashe ragowar asid ɗin, ka sake bi da ruwa zalla. Kada ka ce kanwa ko ruwan toka za su yi aikin sodar. Suna da ƙarfi, kuma kansu suna duhunta itace mai bauri. Bayan kwana 2 shafa baƙin ƙyalle a wurin. Idan ya ɗebo farin gari, da saura, sake wankewa. Dalili kuwa, idan ka sa sanfefa a kan wannan garin ka shaƙa, tari da zafin maƙogwaro za su sa ka gane kurenka. Guba ne in aka sha, yana illata ƙoda. Ajiye shi inda yara ba za su kai ba, ka rubuta a jikin robar, don kamarsa da sukari ta yi yawa.

Wanda bai samu garin ba zai iya gwada ruwan lemun tsami. Yana rage ƙaramin tabo sabo, amma tsohon da ya shekara ba ya jin maganarsa.

Tabon mai

Manja, man gyaɗa, man shafawa, man inji, duk hali ɗaya gare su: suna nutsewa, kuma sabon fenti ba ya kama wurin da suke. Ba a wanke su, tsotso su ake yi. Daka allin makaranta ya yi laushi, ko ka samu farar ƙasa, kwaɓa da man laita ko ruwan goge jan farce ya zama kamar kunu mai kauri, shafa a wurin, rufe da leda na ɗan lokaci, sannan ka buɗe ya bushe. Allin zai sauya launi, man ne ya fito. Share ka sake. Nawa sai da na yi sau 5, kuma gaskiya bai fita tas ba, ya dai yi hasken da fenti ya zauna.

Tawada, zoɓo, lalle da sauransu

Biro da maka suna jin sifirit, ka riƙa dangwalawa da auduga kana sauya ta, kada ka murza tabon ya bazu. Launin rini kamar zoɓo ko lemon kwalba, a nan ne bilicin wanki irin su Hypo ko Jik suke da amfani: tsarma da ruwa, ɗan shafa, jira, wanke. Yana cin ƙarfe, kada ya taɓa ƙarafan wuya.

Gargaɗi ɗaya da nake so ka riƙe ko da ka manta da komai: kada bilici ya haɗu da okzalik, ko lemun tsami, ko ruwan kal, ko a kofi ko a jikin katako. Haɗinsu yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi. In ka yi amfani da ɗaya, wanke, bar shi ya bushe kwana biyu kafin ka kawo ɗayan.

Fumfuna kuma a goge ta da sifirit, a sa takunkumi. Ta cikin ramin, ɗaura tsumma a kan siririn kara ka bi a hankali, kada ka ture ƙananan sandunan da aka manna a ciki, su ne ƙashin jitar. Ƙunar taba ba tabo ba ce, itacen ne ya ƙone, babu ruwan da zai dawo da shi.

Akwai wani haɗi na soda mai ƙuna da ruwan haidurojin da ke mai da katako fari fat. Na ambace shi ne kawai don in ce a bar shi. Yana cire launin itacen na asali gaba ɗaya, jitar ta koma kamar akwatin tumatir.

Allon wuya

Baƙin allon da yatsu ke dannawa yawanci ba shi da fenti. Dattin da ya taru gindin ƙarafan, tsohon katin banki yana kankare shi tsaf. Bayan nan ɗigo kaɗan na farin man jarirai, shafa, goge ragowar duka. Ban da man gyaɗa, yana yin ɗoyi in ya daɗe. Ban da feshin da ake sa wa gaban mota ya yi ƙyalli, akwai silikon a ciki, kuma duk inda ya taɓa sabon fenti zai riƙa tsagewa yana yin ido-ido.

Sanfefa, sabon fenti da yanayin garinmu

Ruwan da ka sa ya tayar da gashin itacen, zai yi kaushi. Sanfefa mai lamba 220, sannan 320, da hannu, a naɗe ta a ɗan katako mai laushi, bi da layin itace kawai. Shafa ce ba dirza ba. Idan akwai ɗan lotsawa, ɗora jiƙaƙƙen tsumma ka taɓa da bakin dutsen guga na daƙiƙa kaɗan, tururin yana ɗago ta, matuƙar jijiyar itacen ba ta yanke ba.

Kafin fenti, shafa man laita a wurin da ka yi aiki. Yadda ya nuna yana jiƙe, haka zai nuna bayan fenti. In tabon ya sake bayyana, gara ka gani yanzu.

Fenti kuwa siriri ake so. Fuskar jita rawa take yi, rawar ce sautin. Banish mai kauri irin na kujerun amare zai sa ta ƙyalli a hoto, amma muryar za ta toshe. Ni shelak na sa, shafa siririya sau da yawa da tsumma, ana barin kowace ta bushe. Ba zan ɓoye ba, jitocin da muke gani a bidiyon waƙoƙin fim ɗinmu sun fi tawa ƙyalli nesa ba kusa ba, sai dai in ka lura da yatsun jarumin, ba kaɗawa yake ba, kiɗan fiyano ne ke tashi daga situdiyo. Wanda ke son ya ga jita tana aiki a fim ya nemi Akounak Tedalat Taha Tazoughai na 2015, wanda Mdou Moctar ya fito a ciki a Agadez. Mutumin da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke.

Lokacin aiki ma abin dubawa ne. Masu ƙera jita suna son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu nan tsakanin Katsina da Daura, da hunturu yakan sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ya haura sosai. Jiƙa tsiraran katako a tsakiyar hunturu, ya bushe da gaggawa, hanyar tsagewa ce, ga ƙura da za ta zauna kan fenti. A tsakiyar damina kuma fentin yakan yi hazo. Ni a Oktoba na yi nawa, ruwa ya ɗauke, iska ba ta taso ba. Kuma kada ka taɓa shanya jita a rana don ta yi saurin bushewa.

Garaya, gurmi da kalangu fa?

An tambaye ni wannan ma. Sinadarin ɗaya ne, tunda itace itace ne, amma akwai fata a tsakani, kuma asid da bilici da tinna duk maƙiyan fata ne. Kwamin garaya ko na kalangu, sai mai ɗaurin ya kwance fatar kafin a sa masa komai. Ƙoƙon gurmi irin na Haruna Uji duma ne ba katako ba, tsumma mai ɗan danshi ya ishe shi. Kuntigin Ɗanmaraya Jos ma gwangwani ne aka rufe da fata, matsalarsa tsatsa ce. Ra'ayina dai, duhun da tsohon kalangu ya yi saboda hannu da hammata, ba datti ba ne. Da a ce yau za a miƙo min ɗaya daga cikin kalangan da aka yi wa Shata kiɗa da su, wanda kabarinsa ke nan Daura kusa da mu tun 1999, ko tsumma sai na yi shawara kafin in sa masa.

Haka na yi da jitar kawu a wuri ɗaya. A kafaɗarta ta sama, inda damtsensa ke kwanciya, akwai duhun gumi mai faɗin tafin hannu. Na kewaye shi da tef lokacin da nake shafa okzalik, na sa shelak a kansa yadda yake. Mahaifiyata da ta gani, wurin ta fara taɓawa.

Bayan shafar ƙarshe na ba ta mako 2 a rataye cikin ɗaki kafin na mayar da kunnuwa. Sababbin tsirkiyoyi masu laushi na sa, na riƙa ɗaure su kaɗan-kaɗan cikin kwana 3 ina duba gindin jaki ko zai ɗaga, don ta daɗe rabonta da ɗaukar nauyi. Bai ɗaga ba. Yanzu duk na gama kaɗawa sai na goge tsirkiyoyin da busasshen tsumma, kuma ba ta ƙara kwana a ɗakin gero ba.